Ƙiba a Ƙasar da Ta San Yunwa

Ƙannena samari da ƴan matan Kurfai, kun san yadda ake tarbar wanda ya dawo daga cin rani. Tun bai sauke jaka ba tsofaffi sun gama auna shi da ido. In ya dawo daga Abijan ko Legas ko Yamai da kumatu, wuya ya yi kauri, riga ta ɗame a ciki, sai ka ji ana cewa, "Barka, ɗan nan ya yi jiki, tafiya ta yi kyau." In kuwa ya dawo siriri yadda ya tafi, ko da aljihunsa cike yake, za a ja uwarsa gefe a tambaye ta ko lafiya. Haka ma amarya. Ta yi wata uku a ɗaki ba ta ciko ba, danginta sun fara zargin miji da rowa, ko kishiya da mugun hannu.

Ba na ganin laifin tsofaffinmu. Idon da ya ga abin da suka gani dole ya so ƙiba. Ƙasar nan ta sha yunwar 1931, lokacin da fara da harajin Nasara suka haɗu a kan talakan yammacin Nijar. Kakanninku sun ga farin 1973 da 1974 ya share garke, suka sake ganin na 1984. Iyayenku kuma ba su manta da 2005 ba, shekarar da mata suka bazu daji tsinkar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita a samu abin sa wa yara a baki. Wanda ya binne ɗa saboda rama, ka ce masa jikansa ya cika ƙiba, ai zagi ka yi.

Kuma yunwar ba ta tafi ba. A Nijar fiye da kashi 40 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 a tsumbure suke, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A cikin Filinge kanta akwai bayin Allah da rashin tsaro ya raba da gonakinsu a wajen Abala da Banibangu, waɗanda tunaninsu bai wuce tuwon dare ba. Don haka na san wani zai ce maganar ƙiba a Kurfai maganar ƙoshi ce, a kai ta unguwannin manya a Yamai. Ni kuwa ce masa zan yi ya leƙa gidajen da yake shiga kullum. Zai tarar da uwa mai nauyin da gwiwa ba ta iya ɗauka, tana salla a zaune tun ba ta kai hamsin ba, ga autanta a gefe ana kai shi awon tamowa. Rufi ɗaya, tukunya ɗaya. Ba a rabu da Bukar ba aka haifi Habu.

Abin ya game duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a doron ƙasa yana da ƙibar da ta zama cuta, wato sama da mutum biliyan 1. A 2025 UNICEF ta bayyana cewa a karon farko yara da matasa masu irin wannan ƙiba sun fi ramammu yawa a duniya, in ban da Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya. Mu ne ke nan ba a kai ga cimmawa ba tukuna, amma hanyar da ƙiba ta bi ta shiga wasu ƙasashe, ita ce ta biyo ta Balleyara a bayan manyan motoci.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin ku abin ya fi shafa. A hunturun 1944 zuwa 1945, ana cikin yaƙin duniya na biyu, sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan, dubban mutane suka mutu da yunwa. Bayan shekaru, likitoci suka bi sawun jariran da ke ciki a lokacin. Suka gano cewa samarin da yunwa ta sami iyayensu mata a farkon watannin ciki sun fi tsararrakinsu ƙiba da suka kai shekara 19, daga baya kuma aka ga ciwon sukari da ciwon zuciya sun fi yawa a cikin waɗanda aka haifa a wannan yunwa. Jikin da aka gina cikin rashi kamar magidancin da fari ya taɓa kwashe wa komai ne: duk abin da ya shigo hannunsa rumbu yake kaiwa, ba ya yarda ya kashe, ko da damina ta yi kyau shekara goma a jere. To, ku lissafa. Da yawanku an haife ku ne tsakanin 2004 da 2012, shekarun da ƙarancin abinci ya yi ta maimaita kansa a ƙasar nan. Wannan ba hukunci ba ne da aka yanke muku. Gargaɗi ne cewa sukarin da wani zai sha ya wuce lafiya, ku yana iya zama muku kitse a ciki da wuri. Ga shi kuma nan da ƴan shekaru kuɗin cefane a hannunku zai kasance, wasunku ma tuni suna aiko da shi daga waje.

Ku dubi abin da ya sauya a tukunya. Kakarku ta girma a kan hatsi: fura da nono da rana, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa da dare, wake in ya samu, kwaɗon ganye da ƙuli-ƙuli, goriba da magarya da aduwa a bakin yara. Ba na cewa zamanin aljanna ne, don sau da yawa abincin ba ya isa. Amma irin sa mai riƙe ciki ne, yana narkewa a hankali. Kafin ya shiga baki kuma an biya shi da gumi: sussuka, surfe, daka, jan guga, itace daga daji, tafiyar ƙasa zuwa kasuwa. Yau inji ya karɓi daka, kuma Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro shi, don ba mai hankalin da zai ce mata su koma turmi. Sai dai aikin ya ragu, kwanon bai ragu ba, abin cikinsa ma ya sauya. Farar shinkafar waje, wadda aka goge mata duk dusarta tun a ƙasar da ta fito, ta zama abincin burgewa. Taliyar leda ta zama ta gaggawa. Mai kuwa, in bai taso saman miya ya yi ja ba, sai a ce matar gidan ba ta iya girki ba, ko maigidan ya tsiyace. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na hatsi ko sukari 4, babban cokali ɗaya na mai kusan kalori 120 ne, kuma ba ya cika ciki balle ya ce maka ka tsaya. A gidaje da yawa ba a auna shi da cokali ma, daga jarka ake tuttulawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne cinikin da muke yi da wake. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. Da kaka sai manomi ya auna wakensa tiya-tiya ya sayar wa fatake, ya juya ya sayi buhun farar shinkafa da jarkar mai. Ya sayar da abin da ke gina jikin ɗansa, ya riƙe masa ciki tun safe har azahar, ya sayo abin da zai sa yaron ya sake neman abinci kafin hantsi ya dubi ludayi. Na san bashi ne da hidima ke tilasta sayarwar. Amma kafin a ɗaure bakin buhu, a ware na gida. Shinkafa da wake, in waken ya yi rabi, man ya zama cokali, aka yanka albasa da tumatir da kabeji a kai, abinci ne da ba likitan da zai kushe.

Sai sukari, kuma a nan zan daɗe, don shi ne ya fi shiga ba sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 a yini na sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, in ya iya tsayawa a 25 ya fi. Ƙwayar sukarin kwali kusan giram 5 ce, ke nan ƙwaya 10 ce iyaka, 5 ce abin so. Gwangwani ɗaya na lemo mai santilita 33 yana ɗauke da kusan giram 35, ƙwaya 7 ke nan a kurɓi ɗaya. Ba uwar da za ta ƙirga ƙwaya 7 ta miƙa wa ɗan shekara 4 ta ce ya tauna, amma za ta buɗe masa gwangwani ranar suna tana murna. Matsalar abin sha mai zaƙi ita ce ciki ba ya lissafa shi a matsayin abinci. Ka sha, ka zauna ka ci tuwonka cif kamar ba ka sha komai ba.

Ku samari, ku dubi fadarku. Ba na ƙin fadar shayi. A nan ake jin wa ya samu aiki, wa zai yi aure, wa ke kwance yana buƙatar gudummawa. Amma ku sa ido a hannun mai dafawa. Ƙaramin kofin nan yake cikawa da sukari ya juye a buta, na farko da nasa, na biyu da nasa, na uku kuwa ruwan sukari ne mai kalar shayi. A tashi da magariba, a sake hura gawayi bayan isha'i. Da safe kuma ga teburin mai shayi: madarar gwangwani mai kauri, wadda kusan rabinta sukari ne, a ƙara sukari a kanta, a tsaga burodi a shafe shi da mayonez. Duk wannan a jikin saurayin da yininsa a kan benci yake, yatsa a kan waya. Ba sai kun daina ba. Ku rage kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin wannan makon, ku ƙara na'ana'a, bayan mako biyu ku sake ragewa. Harshe yana sabawa, har wata rana ku kurɓi shayin wata fada ku ji ya gundure ku. Furar gida ma haka: fura da nono ba su taɓa neman sukari ba sai a zamaninmu. Zoɓo da kunun aya da lemun tsamiya na ƙulli, in za a yi a gida, mai damawa ce ke da iko da ludayin sukarin. A watan azumi ku lura da kanku sosai, don mutane da yawa suna fita daga Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi, saboda abin da ake jerawa a buɗa-baki na soye-soye da zaƙi. Malamanmu sun sha karantar da mu raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. A faifan buɗa-baki aka fi mantawa da karatun.

Ƙasar Meziko ta isa misali. Mutanen masara da wake ne, kamar yadda muke mutanen hatsi da wake. Cikin ƴan shekaru lemun kwalba ya zama ruwan shansu, har a ƙauyuka. Yau fiye da kashi 70 cikin 100 na manyansu nauyinsu ya wuce kima, ciwon sukari yana cikin manyan masu kashe su, sai da gwamnati ta sa wa abin sha mai zaƙi haraji a 2014.

Game da yara, ku masu shirin zama iyaye. Wata 6 na farko nonon uwa kaɗai, ba ruwa, ba jiƙo, ba zuma, ko da zafin watan Afrilu ne, domin nonon da ruwansa yake zuwa. Daga nan a fara kunu mai kauri da aka haɗa da garin wake ko gyaɗa, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Kafin shekara 2 ɗin nan kada a koya wa yaro sukari. Bai san shi ba, ba zai yi kukan abin da bai sani ba. Ɗura kuwa ku bar ta. Kun san yadda ake yi: a kwantar da yaro a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a toshe hanci a zuba kunu yana shure-shure. Kunun yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, yara sun mutu a haka. Wanda ya tsira kuma an koya masa tun yana goye cewa ƙoshinsa ba shi ne ma'auni ba. Yaro mai lafiya ya san ya ƙoshi. In ya kau da kai, a ɗauke kwano a sake gwadawa anjima. In ƙin cin ya daɗe, asibiti za a kai shi.

Sannan tsaraba. Kawu ya dawo daga tafiya, so yake a san ya dawo, sai ya zube biskit da alawa da garin lemo na leda mai rina harshe. Dabino, gyaɗa, mangwaro, lemun zaƙi, cuku, duk tsaraba ne. Kuɗin tara da ake ba ɗan makaranta ma ku tambaye shi abin da ya saya da su. Dafaffiyar gyaɗa, gurjiya, rogo da ƙuli, ɗanwake, sun fi fanke da ƙanƙarar zaƙi. A bar yara su yi gudu. Aƙalla awa 1 ta wasan gumi a yini ake so ga ɗan shekara 5 zuwa 17, kuma wannan ya haɗa da ƴan mata, waɗanda ake zaunarwa a gida da zarar sun fara girma.

Abu biyu kada ku ruɗe a kansu. Ƙullin gyaɗar nan na asibiti, Plumpy'Nut, magani ne na yaron da tamowa ta kama. Ƙulli ɗaya giram 92 ne amma kalori 500 ke ciki, an yi shi ne don ya tayar da wanda ya kusa tafiya. Raba shi ga yayye masu lafiya, ko babba ya saya a kasuwa ya shafa a burodi, zalunci ne ga mai ciwon, kuma kitse ne ga mai lafiyar. Na biyu, ba kowane cikar jiki ne ƙiba ba. In ƙafafun yaro sun cika, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ku danna babban yatsa a bayan ƙafarsa ku ƙirga uku. In ramin ya zauna a ƙafa biyun, kumburin tamowa ne, a ranar za a tafi asibiti. Yaron da ya yi ƙiba ta gaske kuma ba a sa shi yunwa, ba a yi masa dariya a gaban ƴan uwa. Tukunyar gidan gaba ɗaya ake gyarawa, shi kuma tsawonsa ya cim ma nauyinsa.

Ƴan mata, ku ne aka fi matsa wa. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna da hangandi, inda mata ke kiwon jiki a yi gasar wadda ta fi cika. Larabawan Azawak kan fara ɗura wa yarinya madara da fura tun tana famfara. Mu ma muna da namu a ɗakin amarya da na mai jego. Waɗancan aƙalla da hatsi da madara ake yi. Abin da ya shigo yanzu ya fi muni: ƙwayoyin da masu tallar magani ke yawo da su a kasuwa, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Wasu masu buɗe ciki ne, wasu kuwa deksametazon ne, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa na ƴan kwanaki saboda ciwo na musamman. Wadda ta daɗe tana sha, fuska za ta yi zagaye, ciki da doron wuya su cika, hannu da ƙafa su sirance, fata ta yi nankarwa. Ruwa ne da kitse a inda ba a so. A ciki kuma sukarin jini ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, ƙaramin ciwo ya kwantar da ita. In kina sha, ƙanwata, kada ki yanke rana ɗaya, don yankewar farat ɗaya ma tana da haɗari. Je ki gaya wa likita gaskiya ya rage miki a hankali. Ku kuma samari masu cewa sai mai jiki, da bakinku ake sayar da ƙwayar nan. Ƙiba tana wahalar da ɗaukar ciki, tana kawo hawan jini da ciwon sukari na masu juna biyu, tana sa haihuwa ta kai ga fiɗa. Tun da na taɓo jego: kunun kanwa a yi shi da sauƙin hannu. Kanwa gishiri ce, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta da wankan ruwan zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Wani zai ce abinci mai kyau sai mai kuɗi. A Yamai wataƙila. A nan Allah ya ba mu Dallol Boso, ruwa kusa da ƙasa. Da sanyi lambunan Bonkuku suna fitar da dankalin turawa da kabeji da tumatir da salati har a kai Yamai. Tukunus na nan arewa da mu da shanun Azawak, ga nono da cuku a hannun matan Fulani da Buzaye. Zogale yana tsirowa a bayan ɗaki in an ba shi ruwan wanke-wanke, ga rama, yakuwa, tafasa, yaɗiya, lalo. Giram 400 na ganye da ƴaƴan itace ake so mutum ya ci a yini; dambun zogale ɗaya da aka cika wa ganye ya kai ku nesa. A shanya na shanyawa tun yana araha saboda bazara. Dankalin a dafa shi cikin miya maimakon a nutsa shi a mai. Hatsi a rage masa surfe, don abin da muke bai wa ragon layya a dusa har da rabon yaranmu a ciki. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, alhali duka gishirin yini bai kamata ya kai giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya. Daddawar batso da ta kalwa suna nan, a rage dunƙule a ƙara su. Gishiri ba ya sa ƙiba, amma shi da ita ne ke haɗuwa su kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki.

Iyaye maza su ma kada a ƙyale su. Tumbin da ake kira alamar arziki shi ne kitse mafi haɗari, don yana naɗe da hanta da hanji. Ba kwa buƙatar sikeli. Ku sami igiya, ku auna tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ku yanke, ku ninka ta biyu, ku zagaya ta a ciki daidai saman cibiya kaɗan, ba tare da ya shanye ciki ba. In bakin biyu sun haɗu, madalla. In ba su haɗu ba, ƙugu ya wuce rabin tsawo, lokacin gyara ya yi. Mai juna biyu ba ta cikin wannan awo, kuma ba a rage mata abinci.

Gyaran ba da gardama ake yin sa ba. Ba za ka tsaya a gaban Inna ka ce mata girkinta ne ke kashe mutane ba. In kai ke aiko da kuɗi, ka aiko da wake da busasshen kifi a madadin katan ɗin lemo. In ke ce a madafa, ki riƙa auna mai da cokali ba tare da sanarwa ba, ki ƙara ganye a miya. Ku ja Baba zuwa gona ko masallacin nesa da ƙafa; minti 30 na tafiya mai ɗan sauri, kwana 5 a mako, shi ne abin da ake nema ga babba. Ciwon sukari da hawan jini suna shekaru a jiki ba su yi magana ba, kuma in ƙoda ta gaza, wankinta sai Yamai, kusan kilomita 180 daga nan, sau biyu ko uku kowane mako. Duk wanda igiya ba ta haɗu a cikinsa ba, ko yake yawan jin ƙishi da tashin fitsari da dare, ya je a auna masa jini da sukari, da safe kafin ya karya. Ku raka Baba da ƙafarku, don in kun bar shi sai ya ce gobe.